Yadda na kulle manhajar taswira cikin kwantena na yawata da ita ƙauyukan Auyo

Ƙungiyar manoman rani ta garinmu, a yankin Auyo na jihar Jigawa, ta yanke shawarar a auna gonar kowane mamba a zana ta a taswira, domin rigimar rabon taki da iri ta ishi kowa. Mutum zai ce gonarsa eka 2 ce, maƙwabcinsa ya rantse ba ta kai ɗaya da rabi ba, kuma kowa da shaidunsa. Tun bayan ambaliyar 2022 ma wasu iyakokin suka shafe, gambar da ake dogara da ita ruwa ya tafi da ita. Da yake ni ne mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa, inda ake buga takardu da katin biki da cike fom, sai aikin ya faɗo kaina. Tsarin shi ne samari su zaga gonaki da wayoyinsu su ɗauko iyaka, malamin gona ya kawo fayil ɗin da aka riga aka tsara, ni kuma in haɗa su in fitar da taswira da girman kowace gona.

Manhajar da ake wannan aiki da ita QGIS ce. Kyauta ce, tun 2002 ake gina ta, kuma tana cikin rumbun manhajojin kusan kowane irin Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutocinmu. Kwamfutata ta gwanjo ce, ram ɗinta gigabayit 4, Linux Mint 21 ne a kanta, wanda aka ɗora bisa Ubuntu 22.04. QGIS ɗin da ke rumbunsa siga ta 3.22 ce. Fayil ɗin malamin gona kuwa da siga ta 3.34 aka yi shi. Ina buɗewa sai ta gargaɗe ni cewa da sabuwar siga aka adana shi, wasu abubuwa za su iya ɓacewa. Haka kuwa aka yi: gonakin sun fito, amma shafin bugawa da aka tsara ya hargitse.

A baki, maganin mai sauƙi ne. Masu QGIS suna da nasu rumbun, ka ƙara shi ka sabunta, shi ke nan. Da kwamfuta ɗaya ce, kuma a cikin Kano nake zaune, da abin da zan yi ke nan. To amma aikin ba a shagona kaɗai za a yi shi ba. Sakataren ƙungiya yana da tasa kwamfutar, Debian 11 ne a kai, wani irin Linux daban, ɗansa da ke karatu a Dutse ya saka masa. Wani malamin firamare a tsallaken kogi, wanda zai kula da gonakin can, Fedora yake amfani da ita, ita ma wani irin Linux ce. Kowace daga cikinsu sai ta sauke ɗaruruwan megabayit da kanta, a wurin da wani lokaci sai ka hau katanga kafin saƙon WhatsApp ya tafi. Ga kuma tsoro. QGIS ba ta zuwa ita kaɗai, tana janyo wasu manhajojin da take dogara da su, irin su GDAL da PROJ da Qt da tarin kayan Python, kuma ba na son taɓa hanjin kwamfutar da nake cin abinci da ita ana tsakiyar lokacin bukukuwa.

Na fara gwada VirtualBox, wato in kunna wata kwamfutar ta bogi a cikin tawa. Na ba ta rabin ram, na bar wa kaina rabi, sai aka rasa wadda ta ƙoshi. Watan Afrilu ne, zafin rana yana haura digiri 40, fankar kwamfutar ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa, batirin sola kuma ya fara sauka tun kafin la'asar. Nan na ajiye wannan shawarar na koma kan kwantena.

Bambancin su biyun shi ne kamar bambancin gina sabon gida da kama ɗaki a gidan haya. Mai VirtualBox gida yake ginawa tun daga tushe, da rijiyarsa da zaurensa. Kwantena kuwa ɗaki ne: kana da ƙofarka da kayanka, ba ka ganin abin da ke ɗakin wani, amma rijiya ɗaya kuke ɗiba. Rijiyar a nan ita ce kanel, wato zuciyar Linux da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta. Manhajar da ke cikin kwantena tana gudana ne a kan kanel ɗin kwamfutarka kamar kowace manhaja, sai dai an rufe mata ido: fayilolin da take gani nata ne daban, ba ta ganin sauran manhajojin da ke aiki, kuma ana iya ƙayyade mata ram ɗin da za ta ci. Shi ya sa ba ta da nauyi, babu wani tsarin kwamfuta na biyu da ake tayarwa. Dabarar ta daɗe, tun 1979 Unix, magabacin Linux, ke da chroot mai killace fayilolin da manhaja ke gani, a 2008 kuma aka shigar da cgroups mai ƙayyade abin da za ta ci cikin Linux, amma sai da Docker, manhajar tayar da kwantena, ta fito a 2013 abin ya zama ruwan dare.

Ni Podman na zaɓa don tayar da kwantena, ta kamfanin Red Hat. Umarninta kusan ɗaya ne da na Docker, amma dalilai biyu suka ja ni. Ba ta da wani abu da ke zaune a bayan fage kullum yana cin ram ko ana aiki ko ba a yi. Sannan ba sai kana da ikon root, wato cikakken iko a kan kwamfuta, ba za ka tayar da kwantena. Wannan na biyun ya fi damuna, domin yaron shagona yana taɓa kwamfutar fiye da ni, kuma duk wanda aka saka cikin rukunin docker a kwamfuta, a zahiri an miƙa masa makullin komai.

Abin da ya sa aikin ya zo da sauƙi shi ne Ubuntu 24.04 tana ɗauke da QGIS 3.34 a rumbunta. Ke nan in na gina kwantena bisa Ubuntu 24.04, na samu sigar da nake nema ba tare da na canza komai a kwamfutata ba. Na hau mota zuwa Haɗeja, na sauka shagon wani ɗan uwana inda sabis yake da ƙarfi, na sayi datar dare. Fayil ɗin da ke bayyana yadda za a gina kwantenar gajere ne ƙwarai:

FROM docker.io/library/ubuntu:24.04
ENV DEBIAN_FRONTEND=noninteractive
RUN apt-get update && apt-get install -y gdal-bin python3-pyqt5
RUN apt-get install -y qgis

Layi na biyu yana hana ginin tsayawa cak yana tambayarka a wace nahiya kake, tambayar da babu mai amsa ta a tsakar dare. Raba saukewar gida biyu kuma da gangan na yi. Kowane layin RUN hawa ɗaya ne da ake adanawa in ya kammala. In sabis ya yanke ana cikin hawa na biyu, na farko yana nan, ba a sake sauke shi. In kuwa ka cusa komai a layi guda, kamar yadda masu intanet mai ƙarfi suke so don ƙunshin ya yi ƙanƙanta, to yankewa ɗaya ta mayar da kai farko, datarka ta tafi a banza. Tushen Ubuntun bai kai megabayit 100 ba, amma da QGIS ta shiga da tawagarta sai abin ya haura gigabayit 1. Abin da ake samu a ƙarshe shi ake kira imej, wato daskararren kwafi wanda daga jikinsa ake tayar da kwantena duk lokacin da aka so. Na sa masa suna taswira.

Kafin in baro Haɗeja na yi wani abu da ya taimake ni daga baya. Kwamfutar sakatare ba ta da Podman, kuma ba ta da hanyar saukewa. Sai na tayar da 'yar kwantena ta Debian 11, na ce wa apt, mai sauke manhajoji daga rumbu, ta sauke podman da mataimakanta biyu, uidmap da fuse-overlayfs, amma kada ta girka su, na kwashe fayilolin na zuba a fulash. Kwantena ta yi mini dakon kayan girka kwantena.

Na dawo gida, na ba da umarnin a tayar da QGIS. Ko taga ba ta buɗe ba, sai wannan rubutun a baƙin allo:

qt.qpa.xcb: could not connect to display

A nan ainihin aikin ya fara. An ƙera kwantena ne domin manhajojin sabar, waɗanda ba su da fuska, ba sa buƙatar allo ko linzami. Manhaja mai taga kuwa sai an nuna mata inda za ta yi zane. A Linux irin nawa, mai kula da allo shi ne X11, tsarin da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, siga ta 11 kuma ta fito a 1987. Manhaja ba ta zana komai a allo da kanta. Tana aika saƙo ne ga sabar X, wato manhajar X11 da ke riƙe da allo: buɗe mini taga, ja layi nan, rubuta wannan can. Sabar kuma tana mayar mata da labarin abin da aka danna. Mahaɗarsu wani fayil ne na musamman, soket, da ke zaune a /tmp/.X11-unix, kuma manhaja tana gane wanda za ta nufa ta wata alama mai suna DISPLAY, wadda galibi :0 ce. Kwantenata ba ta ga soket ɗin ba, ba ta kuma san DISPLAY ba. Na buɗe mata duka biyun.

Sai saƙo ya canza, yanzu sabar ta ji ƙwanƙwasawa amma ta ƙi buɗewa:

Authorization required, but no authorization protocol specified

In ka nemi maganin wannan a intanet, abin da za ka fara cin karo da shi shi ne xhost da alamar tarawa ita kaɗai. Yana aiki nan take, shi ya sa ake yawan ba da shi. Amma ma'anarsa ita ce ka cire mai gadi gaba ɗaya, duk wanda ya iso allonka ya shigo. Ban yi ba. Akwai hanyar miƙa wa kwantena fayil ɗin Xauthority mai ɗauke da lambar sirrin shiga, sai dai lambar tana ɗaure da sunan kwamfuta, kwantena kuma da wani sunan take tashi, don haka sai an yi 'yan dabaru. Na ɗauki ta uku:

xhost +si:localuser:$USER

Wato a bar duk manhajar da ke gudana da sunana ta shigo, ban da ta kowa. Da yake Podman ba tare da root ba da sunana take tayar da komai, sai sabar ta karɓe ta. Tambarin QGIS ya bayyana a tsakiyar allo, taga ta buɗe, da lamba 3.34 a jikinta. Yaron shagona da ke tsaye bayana ya ce, “Yaya, ai kamar kullum take, ina kwantenar?” Gaskiyarsa. Babu abin da ido zai gani, taga ce cikin tagogi, kana ja kana rage ta kamar kowace, kuma fanka ba ta ce uffan ba.

Daga nan sai ƙananan abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana nuna wani abu da kwamfuta ke ba manhaja kyauta ba tare da mun lura ba.

Na farko fayiloli. Kwantena ba ta ganin foldata, don haka na ware folda ɗaya mai suna taswira, ita kaɗai na haɗa mata, na kuma ce ta ɗauke ta a matsayin gidanta. Wannan ya warware abu biyu a lokaci guda. Ina tayar da kwantena ne da sharaɗin a share ta da zarar an rufe, don kada matattun kwantenoni su cika mini faifan ajiya. Duk abin da QGIS ta adana a cikinta, har da saitin da ka ɓata lokaci kana yi, tare suke tafiya. Amma tunda gidanta yanzu foldata ce ta waje, saitin yana nan gobe. Na ƙara da userns=keep-id domin lambar mai amfani a ciki ta zama daidai da tawa ta waje, ta yadda duk fayil ɗin da ta rubuta nawa ne, ina iya kwafa ko gogewa ba tare da an ce ba ni da izini ba.

Na biyu shi ya fi ɗaukar hankalina. Samarin sun sa wa fayilolinsu suna da Hausa, da haruffa masu ƙugiya, domin kibod ɗin wayoyinsu yana da su. A tagar zaɓen fayil, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai wasu baƙin alamomi guda biyu su tsaya a wurinta. Dalilin shi ne a tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa bayit 2 yake ci, kwantena kuma tana tashi ba tare da an gaya mata tsarin rubutun da ake amfani da shi ba, sai ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Layi ɗaya ya gyara shi, LANG=C.UTF-8, ko intanet ba ya buƙata. Amma da na fitar da taswirar gwaji sai na ga wani abu kuma. Nau'in haruffan da aka zaɓa a fayil ɗin malamin gona babu shi a kwantenar, ta aro wani a madadinsa, sunaye suka yi faɗi suna hawa kan juna a ƙananan gonaki. Zan iya haɗa mata foldar haruffan kwamfutata, amma in na yi haka kowace kwamfuta za ta buga taswira da irin nata rubutun. Sai na ƙara hawa ɗaya a imej ɗin, na saka Noto da Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara kuma yake ɗauke da dukkan haruffanmu masu ƙugiya, na mayar da sunayen gonaki duka kan Andika. Da yake sauran hawan suna ajiye, wannan ƙaramin ƙarin kaɗai aka sauke, kuma sabis ɗin garinmu ya iya da shi bayan sha biyun dare.

Na uku agogo. Lokacin da ke fitowa a ƙasan taswira yana baya da awa ɗaya, domin kwantena da lokacin UTC take tashi, mu kuma muna gaba da shi da awa guda. Podman tana da tz=local, ta ɗauki na kwamfuta.

Akwai kuma ƙofofin da na duba na bar su a rufe. Katin hoto na kwamfuta ana iya miƙa shi ta /dev/dri, kuma duk mai son kallon bidiyo ko zanen da ke juyawa ta kowace fuska yana buƙatarsa, in ba haka ba furosesa ce za ta ɗauki nauyin. Na gwada da shi, na gwada babu shi, a shimfiɗaɗɗiyar taswirar gonaki ban ga bambanci ba, don haka ban bayar ba. Sauti ma haka, akwai soket ɗin PulseAudio da ake haɗawa, amma taswira ba ta magana. Firinta kuwa, maimakon in haɗa kwantena da CUPS, mai kula da bugawa a Linux, sai QGIS ta fitar da PDF cikin foldar, in buga daga waje yadda na saba. Wayoyin samarin ma ba sa shiga ciki. Suna turo fayil ɗin GPX, mai ɗauke da iyakar da waya ta ɗauko, ta Xender ko ta igiya, in jefa a folda.

Wadda na fi jin daɗin rufewa ita ce intanet. Da network=none, manhajar ba ta da hanyar fita ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa kunna hotsfot na wayarsa don aika saƙo ɗaya, ya juyo ya tarar wata manhaja ta shanye masa data tana neman sabuntawa, ya san darajar wannan. Taswirar ƙasa ta OpenStreetMap da muke ɗora gonaki a kai na riga na sauke yankinmu a Haɗeja na ajiye a fayil. A ƙarshe umarnin ya zama haka:

podman run --rm --userns=keep-id --network=none --ipc=host --tz=local -e DISPLAY -e LANG=C.UTF-8 -e HOME=/gida -v /tmp/.X11-unix:/tmp/.X11-unix:ro -v ~/taswira:/gida taswira qgis

Ba zan ɓoye wani abu ba a nan, domin na ga mutane suna ɗaukar kwantena kamar katangar ƙarfe. Da zarar ka miƙa wa manhaja soket ɗin X11, ka ba ta fiye da taga. Tsarin X11 ya bar kowace manhaja da ta shigo ta iya ɗaukar hoton sauran tagogi, ta kuma saurari abin da ake bugawa a kibod. A shago irin nawa, inda mutane ke shigar da kalmar sirrinsu ta imel da ta makaranta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwantenata ta raba QGIS da fayilolina da intanet, amma ba ta raba ta da allona ba. Na yarda da hakan ne kawai don daga rumbun Ubuntu na ɗauko ta. Manhajar da ban san asalinta ba, ko da a kwantena ne, ba zan ba ta wannan soket ɗin ba, sai dai in tayar mata da wata sabar X daban irin Xephyr, ko in yi amfani da x11docker wanda aka rubuta musamman domin wannan. Wayland, tsarin da ke maye gurbin X11, an gina shi ne ta yadda taga ba ta leƙen 'yar uwarta, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake komawa kansa.

Za a iya cewa me ya sa ban ɗauki Flatpak ba, wata hanyar ƙunshe manhaja da duk kayanta, tunda domin manhajoji masu taga aka yi ta kuma QGIS tana can. Ko Distrobox, wadda ke yin duk wannan haɗe-haɗen na allo da sauti da kanta, har ta saka maka tambari a jerin manhajoji. Wanda kawai yake son sabuwar siga a kwamfutarsa, ni ma Distrobox zan ce ya ɗauka, ya huta. Ni abin da ya hana ni shi ne tana buɗe wa kwantena gidan mai kwamfuta baki ɗaya, nawa kuma cike yake da takardun mutane. Flatpak kuwa tana da hanyar kwafa zuwa fulash, amma ina son ƙunshi ɗaya tak wanda na san komai da ke cikinsa, har da haruffa.

Ƙunshi ɗayan nan shi ne ribar wahalar duka. Umarnin podman save ya tattara imej ɗin ya zama fayil guda, na matse shi da gzip, na zuba a fulash tare da ɗan fayil ɗin umarni da kuma wani ƙarami mai ƙarewa da .desktop, wanda in an ajiye shi a ~/.local/share/applications sai tambari ya fito a jerin manhajoji. Sakatare ba ya buƙatar sanin xhost ko soket. Tambari zai danna.

Na je gidansa da hantsi, lokacin da solarsa ta fara cika, domin batirin kwamfutarsa ya daɗe da mutuwa, kuma ba a son wuta ta ɗauke ana tsakiyar podman load. Na girka fayilolin da na ɗauko daga Haɗeja. A nan fuse-overlayfs ya yi ranarsa. In babu shi, tsohuwar Podman ba tare da root ba tana iya komawa wata hanyar ajiya mai suna vfs, wadda ke kwafar kowane hawa cikakke a kan na ƙasansa, imej na gigabayit 1 da ɗoriya ya ninka ya cinye faifai. A kwamfutarsa ce kuma amfanin ipc=host ya fito fili. Da na gwada babu shi, cikin tagar ya riƙa fitowa da baƙaƙen filaye, domin X11 da manhaja suna musayar hoto ta wani yanki na ram da suke tarayya a kai, kwantena kuma tana da nata yankin daban. Da na mayar, zanen ya daidaita.

Sarkin Noma yana zaune a tabarma yana kallonmu. Da gonaki suka fito a allo ya matso, ya sa yatsa kan wata doguwa da ke bin magudanar ruwa, ya ce, “Ɗana, wannan ai tawa ce. Nawa ta ce?” Na danna, na ce, “Baba, hekta 0.6, wato wajen eka ɗaya da rabi.” Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai tun yana yaro eka biyu ake ce mata. Na gaya masa gaskiya cewa wayar hannu tana iya kuskuren mita da yawa a kowace kusurwa, kuma a ƙaramar gona wannan yana taɓa lissafi, don haka duk wanda bai gamsu ba a sake zagawa da shi a tsaye, a kuma ja igiya a gwada. Abin da na tabbatar masa shi ne ma'aunin ɗaya ne ga kowa. Duk kwamfutocin suna lissafi ne da tsarin awon taswira na UTM, shiyya ta 32 ta arewa, wadda Jigawa ke ciki, da manhaja iri ɗaya har zuwa lambar ƙarshe. Hekta murabba'in mita 10,000 ce a shagona, haka take a gidan sakatare, haka a tsallaken kogi. Ya ce to a sake zagawa ranar Asabar.

Ta malamin firamare, mai Fedora, na ɗauka ita za ta fi ba ni wuya tunda Wayland take amfani da shi. Ashe akwai XWayland a ciki, wanda ke karɓar manhajojin X11 ta soket iri ɗaya, kuma Podman tana cikin kwamfutar tun asali. Abin da ya tare ni SELinux ne, mai gadin da Fedora ke kunnawa, wanda ya hana kwantena taɓa soket ɗin da foldar. Na ƙara security-opt label=disable a nasa fayil ɗin umarnin kaɗai, na kuma gaya masa abin da hakan ke nufi, cewa mun sassauta wani tsaro ga wannan kwantenar. Taga ta buɗe. Ban kashe ko megabayit ɗaya na data a ƙauyensu ba.

Akwai inda dabarar ta tsaya. Wani matashi cikin masu zagaya gonaki ya kawo wata 'yar ƙaramar kwamfuta da yayansa ya bar masa, yana son a saka masa shi ma. Imej ya shiga lafiya, amma ana tayarwa sai ta ce exec format error. Furosesarta ta bit 32 ce, imej ɗin kuma na bit 64 ne. Kwantena tana ɗauke da fayilolinta, amma furosesa da kanel na mai masauki take hawa, abin da ƙarfen bai iya ba ita ma ba za ta iya ba. Ubuntu kuma ta daina fitar da cikakken tsarin bit 32 tun bayan siga ta 19.04, don haka babu 24.04 da zan gina masa. Ram ɗinta ma gigabayit 1 ne, ko da ta tashi ba za ta ja QGIS ba. Muka mayar da ita wurin tattara fayilolin GPX na unguwarsu, yana sauke su daga wayoyin abokansa, ya sa wa kowanne sunan mai gona da ranar da aka zaga, ya kawo mini a fulash ranar kasuwa.